"Ban Yi Niyyar Kashe Shi Ba" Ba Ta Wanke Mutum A Kotu

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, gona na manne da gona, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsuke fili. Sau da yawa abin da ya raba gonar wani da ta maƙwabcinsa bai wuce layin gamba ko bishiya guda ba. Shi ya sa da zarar ruwan shuka ya sauka, rigimar iyaka ke tashi. Daga cacar baki sai hankaɗa, daga hankaɗa sai a kai duka da ƙotar fartanya. Idan aka yi rashin sa'a rai ya salwanta, maganar farko da ake ji ita ce: "Wallahi ban yi niyyar kashe shi ba."

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma doka ba ta tsaya kan niyyar kisa kaɗai ba.

Kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960, wanda jihar Kano ta gada, ya yi tanadi a kan haka. Sashe na 225 ya shafi wanda nufinsa kawai ya ji wa wani rauni amma mutumin ya mutu, kuma ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 14. Sashe na 226 kuwa ya shafi wanda rai ya salwanta a hannunsa yana cikin aikata wani laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara guda ko fiye. Shi kuma yana iya shan shekara 10. Ke nan tambayar alƙali ba "ka so ya mutu?" ba ce kawai. Zai duba ko abin da aka yi tun farko laifi ne, da kuma ko shi ne sanadin mutuwar.

Masu ganin wannan tsaurin dokar Bature ne, su leƙa fiƙihu. A mashhurin mazhabar Malikiyya kisa iri biyu ne: na ganganci da na kuskure. Wanda ya kai duka cikin fushi da gaba, ko da da sanda ne, mutum ya mutu, ana lissafa shi cikin ganganci, kuma dangin mamaci na da haƙƙin neman ƙisasi. Ko kisan kuskure ma ba a tashi a banza: akwai diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, da kaffarar azumin wata biyu a jere, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Tun shekarar 2000 Kano ke da nata kundin hukunta laifuka na Shari'a.

Saboda haka duk kotun da aka nufa, rai ba ya tafiya kyauta. Abin takaicin shi ne manomi ba ya jin wannan sai yana tsare, gonar da aka yi faɗan a kanta an jinginar da ita don biyan lauya, gida biyu sun rasa masu ciyar da su.

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su riƙa zagaya iyakokin da ake taƙaddama a kansu tun da bazara, a kafa alama a gaban shaidu, a rubuta. Limamai da gidajen rediyo su ware lokaci kafin damina su bayyana wa jama'a hukuncin duka da ya zama ajali.

Idan kuma mai afkuwa ta afku, kada dattawa su rufe maganar da sunan zumunci, a ce wa matar mamaci ta bar wa Allah. Yafiya haƙƙin magada ce, da yardarsu, bayan an tabbatar da abin da ya faru a gaban hukuma. Sulhun da ya tauye marayu ba sulhu ba ne, gaba ce aka ajiye wa 'ya'ya.