Wai Zaman Lafiya Suka Kawo Mana?

Har yau akwai masu ilimin zamani a cikinmu da ke bugun ƙirji suna cewa Turawa sun same mu muna cin naman juna, suka raba mu faɗa, suka shimfiɗa mana dogo har Ƙaura Namoda a 1929. To, jama'a, a tambayi mutanen Birnin Ƙonni irin zaman lafiyar da aka kai musu.

A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Ƙonni, ta karkashe mutanenta, ta banka wa garin wuta. Wata guda kafin nan sun yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su ƙonannun ƙauyuka ya riƙa bi, yana tarar da gawawwakin 'yan mata rataye a itatuwa. Shi ma Voulet ya sa aka bindige shi ranar 14 ga Yuli. Hukumar Faransa fa? Ta rufe bincike, aka ce wai zafin ƙasarmu ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wato laifin ma na ranarmu ne!

Kada wani ya ce ai wannan halin Faransi ne. Nan Kwatarkwashi, a Fabrairun 1903, aka harbe Wazirin Kano Ahmadu da mahayansa, Laftana Wright kuwa ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. A 1906 aka shafe Satiru, kuma, abin kunya, da dawakin sarakunanmu a ciki.

Can Ostareliya, a Myall Creek, Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun yi wa 'yan asalin ƙasar aƙalla 28 kisan gilla a 1838. An rataye mutum 7 daga cikin makasan, a shekarar 2000 kuma aka kafa dutsen tunawa a wurin. Mu fa? Ɗalibanmu na Shinkafi da Zurmi sun haddace sunan Lugga da shekarar 1914, amma ka ce musu Satiru, sai su yi maka kallon baƙo.

Laifin ba nasu ba ne. Namu ne, malamai da marubuta, mu da muke karɓar manhaja yadda aka miƙo mana ita, muna tara littattafan soyayya a kasuwa, alhali daga Ƙaura zuwa Kwatarkwashi tafiyar da ba ta kai wuni ba ce.