Ladi Kwali ba ta kwafi kowa ba: zare ga masu sana'ar hannu 🧵

1/ Duk mai naira ashirin a aljihu ya juya bayanta. Matar da ke gina tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali. Ina so mu yi maganarta, don tana da darasi ga 'yan uwana masu saƙa, lalle, ɗinkin hula da haɗa sarƙoƙi. Ku biyo ni.

2/ 'Yar ƙabilar Gbagyi ce daga garin Kwali, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida, da hannu, ba inji. Tulu da randa, irin wanda kakanninmu ke zuba ruwa.

3/ Abin da ya bambanta nata shi ne adon jiki. Tana zana ƙadangare, kunama, hawainiya, kada, kifi da tsuntsaye a kan yumɓu. Wato abubuwan da take gani kullum a garinsu. Ba ta je neman ado a wata ƙasa ba.

4/ Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa. A can Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wadda yau ake kira Suleja. Ita ce mace ta farko a wurin.

5/ A cibiyar ta koyi sabbin dabaru: juya yumɓu a kan faifai, shafa ruwan ƙyalli, gasawa a wuta mai tsananin zafi. Amma ƙadangarenta da kunamarta suna nan daram. An baje kolin aikinta a Landan, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

6/ To ga ra'ayina. A makarantarmu ɗalibai da yawa na da baiwa, wallahi. Amma ku duba kayan: lallen daga Indiya aka kwafo, zanen jaka daga Pinterest, furen jikin sarƙa irin wanda ba ya ma fitowa a ƙasarmu. Mutum goma, aiki ɗaya.

7/ In kayanki iri ɗaya ne da na kowa, da me za ki yi gasa? Sai farashi. Kuma a farashi kayan kamfanin da ake shigowa da su za su kayar da ke, don inji ba ya gajiya. Abin da inji bai sani ba shi ne unguwarku.

8/ Wani zai ce kwastoma abin da ya gani a TikTok yake so. Gaskiya ne, kuma dole a ci abinci. Yi masa nasa. Amma cikin kaya goma, ware biyu ka sa naka tunanin. Mai saye ba zai nemi abin da bai taɓa gani ba.

9/ Wanda kuma ba ya son zana abu mai rai, hanya a buɗe take. Ga siffar kuka da rani, ganyen zogale, kan giginya, zangarniyar gero, furen zoɓo, launin jar ƙasa bayan ruwan farko. Wannan kaɗai ya ishi mutum aikin shekara.

10/ Mu masu saye ma da namu. Za mu sayi kayan waje ba tayi, amma 'yar ajinmu ta kwana uku tana saƙa, mu ce "haba, ai ke ta gida ce, ki rage." Zare da allura ba kyauta ake ba ta ba.

11/ In kana sana'ar hannu, gwada wannan makon: ajiye waya, fita bayan gida ko gona, zaɓi abu ɗaya ka mayar da shi ado. Sa hoton a ƙarƙashin wannan zaren da farashinsa, zan yaɗa.