Na sayar da akwatunan sauti huɗu na sayi guda ɗaya, kuma ban yi nadama ba

1/ Jama'a, tun da na sa hoton falona ake min jaje. Wai "Malam, lafiya? Ko karayar arziki ce?" Don kawai an ga tulin kayan sautina ya ɓace, saura amfilifaya guda ɗaya. To ku gyara zama, yau sai na amayar da abin da ke cikina.

2/ Ga wanda bai san harkar ba: aiki biyu amfilifaya take yi. Ɓangare ɗaya ya zaɓi abin da za a kunna ya daidaita ƙara, shi ne firi. Ɗayan ya ba da ƙarfin tura sifika, shi ne fawa. Wasu daban-daban suke sayensu. Akwai kuma wadda ta haɗa biyun a akwati ɗaya, ita nake kira haɗaɗɗiya.

3/ Shekara shida ina cikin 'yan daban-daban. Firi ɗaya, fawa biyu, kowace sifika da tata, ga DAC a gefe. Duk na gwanjo. Biyu daga Amurka suka zo, wutar 120 suke ci, tamu kuwa 230 ce, sai da na ƙara musu taransifoma. Bayan teburin nan kamar saƙar gizo-gizo.

4/ Kunnawa ma da ƙa'ida: firi a farko, fawa a ƙarshe, in za ka kashe ka juya. To mai ɗauke wuta ya san wannan ƙa'idar? Ana dawo da ita sai ka ji "dum!" a sifika, gabanka ya faɗi. Har uwargida ta daina taɓa kayan. Tana zaune gabansu tana jin rediyo a wayarta. Wallahi wannan ya min ciwo.

5/ Ga kuma wani gurnani, "mmmm", da ba ya ɗaukewa. Kowane akwati da fuloginsa, kuma waya ta sake haɗa su, sai kukan wutar gida ya sami hanyar shiga sautin. Na canja wayoyi har na gaji. Lokacin hunturu ƙura ta shiga mahaɗa, sifikar hagu ta yi gum. In wuta ta tafi kuwa, akwati huɗu da taransifoma suna zuƙar batirin inbata ko ba a kunna waƙa ba.

6/ Ban ce rabawar ba ta da dalili ba. Sautin da ke fitowa daga allurar faifan garmaho rauni gare shi ƙwarai, nisanta shi da babbar taransifoma dabara ce. Mai ƙaton zaure da sifiku masu wuyar turawa, ya raba abinsa. Amma kai da falonka bai wuce taku biyar ba, me kake turawa?

7/ Sai su ce maka wat. Ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai ka ninka ƙarfin kusan sau 10. Sifika mai desibel 88, wat ɗaya tak ke ba ta wannan ƙarar a nisan mita ɗaya. Wat 200 ɗin da kake taƙama da shi, yawancinsa barci yake.

8/ Ku bincika NAD 3020. A 1978 ta fito, haɗaɗɗiya ce, wat 20 a kowane gefe, mai araha. Har yau masana sauti suna girmama ta.

9/ Wani abokina ya rantse zai gane bambanci. Kafin in sayar da tsofaffin na zaunar da shi ya juya baya, na daidaita ƙarar biyun, na sa Shata. Ina canjawa yana canka. Nan ya dace, can ya kuskure, ƙarshe ya ce "Kai mutumina, kalangun dai ɗaya ne." Na ce yauwa.

10/ Gaskiyar da ba ma so: da yawanmu ido muke saya wa kayan nan. Fitilu su yi ta walƙiya, baƙo ya shigo ya ce "Kai, Alhaji!" An ce gani ya kori ji, amma a harkar sauti ji ne ya kamata ya kori gani. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe ƙasar nan.

11/ Ƙanina, in kana tara kuɗi, kar wani ya sa ka ji kunyar akwati ɗaya. Sayi haɗaɗɗiya mai kyau da ke cin wutarmu. Rarar kuɗin ka zuba a sifiku. Ka janye su daga jikin bango, ka shimfiɗa kafet, ka sa labule mai kauri. Nan ne za ka ji canji na gaske.

12/ Jiya da na dawo daga aiki, tun daga ƙofa nake jin Barmani Choge. Uwargida ce ta kunna da kanta, maɓalli ɗaya ta danna. Masu jaje, na gode, amma ku kai shi wani gidan.