Madarunfa: garin da ruwansa ke fitowa daga ƙetaren iyaka

Duk wanda ya bar Maraɗi ya nufi kudu, kafin ya yi tafiyar kilomita 30 zai iske wani abin da ba kasafai ake ganin irinsa ba a ƙasar Hausa ta Nijar: tabki mai faɗi wanda ke riƙe ruwa har tsakiyar rani, da jiragen masunta a bisansa, da garake kewaye da shi. Tabkin Madarunfa ke nan, kuma garin da ke bakinsa shi ne babban birnin gundumar da ke ɗauke da sunan. A wannan lokaci da hulɗa tsakanin Yamai da Abuja ke tafiya yau zafi gobe sanyi, wannan ƙaramin gari na cikin wuraren da suka fi jin abin a jiki, domin ruwansa da kasuwarsa da zaman lafiyarsa duk suna da jijiya a ƙetaren iyaka.

Daga ina ruwan ke zuwa

Tabkin na kwance ne cikin kwarin Gulbin Maraɗi. Idan damina ta yi kyau faɗinsa kan kai kimanin hekta 800, da rani kuma ya ja baya ya bar laka mai albarka ga manoma. Ba shi da zurfi sosai, mitoci kaɗan ne ko a tsakiyarsa, saboda haka rana da iskar hunturu na shanye kaso mai yawa na ruwan kowace shekara. Ruwan saman da ke sauka a yankin, milimita 500 zuwa 600 a shekara, bai isa shi kaɗai ya mayar da abin da ya tafi ba. Gulbi ne ke cike giɓin.

Gulbin Gabi ke zuba cikin tabkin, Gulbin Maraɗi kuma na ratsawa kusa da shi yana shayar da kwarin baki ɗaya. Dukansu biyu daga Najeriya suke tasowa. Gulbin Maraɗi na farawa ne daga ƙasar Katsina, inda ake kiransa kogin Gada, ya shigo Nijar ya yi gwiwa, ya sake komawa Najeriya ya haɗe da kogin Rima. Ba ya gudu sai da damina.

Najeriya ta gina madatsar ruwa ta Jibiya a bisa wannan kogi, kilomitoci kaɗan daga iyaka, mai iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyon 140. Tun daga nan ambaliyar da ke malala cikin fadamun kwarin Maraɗi kowace damina ta ragu. Wannan ambaliya ita ce ke ajiye sabuwar laka a gonaki, ita ce ke ɗaga ruwan rijiyoyi. Da ta yi ƙaranci, masu noman rani suka koma ga haƙa rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, abin da ke cin kuɗin mai kuma yana ƙara zuƙe ruwan ƙasa.

Tarihin zama tsakanin birane biyu

Zaman Madarunfa tsakanin Maraɗi da Katsina tsohon al'amari ne. Kafin jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo duk wannan yanki ƙasar Katsina ce. Da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819. Daga nan kusan ƙarni guda ana kai hari ana ramawa tsakanin Katsinar Maraɗi da Katsinar Fulani, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore. Dajin da ke kudancin Maraɗi ya zama fagen wucewar mayaƙa, mutane kuma suka taru inda ke da ruwa da mafaka.

Turawan Faransa da na Ingila, da yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, suka ja layin da ya mayar da wannan tsohuwar gaba iyakar ƙasashe biyu. Layin ya raba masu mulki, ya bar dangi da auratayya da kasuwanni yadda suke. Har gobe iyalai da dama na da ɗan'uwa a Jibiya da wani a Ɗan Isa.

Garin na da wata daraja kuma ta addini. A kewayen tabkin akwai kaburbura da al'adar wurin ke cewa na waliyyai 99 ne, mutane na zuwa ziyara daga sassan Nijar da Najeriya. A 2006 Nijar ta sanya tabkin da gandun dajin Madarunfa da waɗannan kaburbura cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Har yanzu suna cikin jerin jira, yayin da tsohon birnin Agadas ya samu shiga a 2013. A 2019 kuma aka sanya tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar mai kula da wuraren ruwa masu muhimmanci, tare da tabkin Gidimuni na jahar Damagaram.

Jama'a na ƙaruwa, tabki na cikewa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba garin Madarunfa mutum kimanin 12,000, ƙaramar hukumarsa sama da 70,000, gundumar baki ɗaya kuma kusan 450,000 a cikin ƙananan hukumomi shida: Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Galibin mazauna Hausawa ne manoma da masunta da ƴan kasuwa, tare da Fulani da Buzaye makiyaya. Wannan yanki na cikin mafiya cunkoson jama'a a karkarar Nijar.

A wancan lokaci jama'ar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato tana ninkawa cikin kimanin shekara 18. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace ɗaya a jahar Maraɗi kan haifi ƴaƴa fiye da takwas a rayuwarta. Lissafin mai sauƙi ne: gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau ƴaƴa da jikoki ke raba ta, kuma wanda bai samu rabo a tudu ba sai ya gangaro bakin ruwa.

Daga nan matsalar cikewar tabkin ke farawa. Idan aka sare itatuwan tudu aka nome ƙasa har gaɓar ruwa, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsayar da shi. Yana yanko kwazazzabai, ya kwaso rairayi ya zuba cikin tabki. Kowace damina ƙasan tabkin na ɗan tasowa, ruwan da zai iya riƙewa na raguwa, kuma tabkin da ba shi da zurfi ya fi saurin ƙafewa. Sai ga abin mamaki: ruwa mai yawa ma ba ya zama alheri gaba ɗaya. A daminar 2024, da ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a faɗin Nijar kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wuya, irin wannan ruwa mai ƙarfi shi ne ke kwasar rairayi fiye da kowane.

Masunta na ganin sakamakon a cikin komarsu. Karfasa da tarwaɗa da ake kaiwa kasuwannin Maraɗi na buƙatar lokaci da wurin hayayyafa. Idan masu su suka yi yawa, aka shiga amfani da raga mai ƙananan idanu, ana kama kifin baɗi tun bana. Makiyayi na son hanyar kai dabbobi mashaya, mai garkar zogale da tumatir da albasa na son shinge, masunci na son ruwa mai zurfi. Ruwa ɗaya ne, kowa kuma da hujjarsa.

Iyaka: inda arziki da masifa ke shigowa tare

Ta hanyar da kaya ke bi, ta nan cuta da ɓarna ke bi. Annobar kwalara ta 2018 a gundumar Madarunfa ta fara ɓulla, a watan Yuli, kuma marasa lafiyar farko daga yankin Jibiya suka zo neman magani. Daga 2019 dubun dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jahar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga. Satar shanu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa suka biyo bayansu, ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi suka fi shan wahala. Manomin da ke tsoron kwana a gonarsa ta daji yakan matso kusa da gari, wato kusa da tabki, nauyin da ke bisa ruwan ya ƙaru.

Kasuwa ma ta sha bugu sau biyu cikin shekara biyar. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe su, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar baki ɗaya. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta wannan gunduma zai shigo Nijar, amma ranar isowarsa na hannun ƴan siyasar ƙasashen biyu.

Abin da ya rage a hannu

Ficewa daga CEDEAO bai soke duk wata igiya da ke tsakanin maƙwabtan biyu ba. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, tana nan. Haka ma yarjejeniyar Maiduguri ta Yuli 1990, wadda ta tanadi raba ruwa bisa adalci a kwaruruka huɗu da ƙasashen suka yi tarayya a kansu, kuma kwarin Gada da Gulbin Maraɗi na ɗaya daga ciki. A Afrilu 2025 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Bakary Yaou Sangaré da Yusuf Tuggar, sun gana a Yamai suka yi maganar farfaɗo da aikin hukumar. Abin da zai amfani mutumin Madarunfa daga irin wannan zama shi ne tsari sananne kan lokacin da ake sako ruwa daga Jibiya da yawansa, da sanarwa kafin a saki, don kada rani ya zo da ƙishirwa damina ta zo da ɓarna.

Sauran aikin na gida ne, ba ya jiran Abuja. Jahar Maraɗi ce ta koya wa duniya dabarar raya kututturan itatuwa cikin gona tun daga shekarun 1980, har aka mayar da miliyoyin hekta kore a kudancin Nijar. Wannan dabara, da toshe bakin kwazazzabai, da barin tazara tsakanin garma da gaɓar ruwa, da hutar da su lokacin hayayyafar kifi, ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Suna buƙatar yarda tsakanin sarakuna da sarkin ruwa da makiyaya da ma'aikatan gandun daji, da kuma wanda zai tsaya a bi abin da aka yanke. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, wannan nauyi ya ƙara komawa bisa wuyan gwamnati kai tsaye.

Yasar tabki kuwa aiki ne mai tsada, kuma idan ba a tsayar da rairayin tun daga tudu ba, abin da aka kwashe bana damina za ta maido shi. Sunan Ramsar da jerin jiran UNESCO na iya buɗe ƙofar neman tallafi, amma sai hukumomin Maraɗi da na Yamai sun ɗauki takardar sun ƙwanƙwasa. Yaran da aka haifa a Madarunfa shekarar ƙidayar 2012 sun kusa shiga sahun masu neman gona da koma, kuma ruwan da za su samu ya dogara da abin da aka yanke a ƴan shekarun nan, a bakin tabkin da kuma a Jibiya.