Malam, Nono Ba Zai Maye Gurbin Maganin Tarin Fuka Ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka shawarci masu tarin fuka su ajiye magani su koma shan nono, wai ƙwayoyin asibiti na lalata hanji. Raina ya ɓaci, domin akwai mara lafiyar da zai bi maganarka.

Gaskiya ne rifampicin, ɗaya daga cikin ƙwayoyin, ba ya zaɓe. Yana rage bakteriya masu amfani a hanji, funfuna irin su Candida su samu fili su yaɗu, kuma binciken da aka yi a Haiti, aka wallafa a 2017, ya nuna sauyin kan wuce shekara bayan an gama magani. Amma hanji na iya jurewa. Huhun da aka katse wa maganin wata shida fa? Cutar kan dawo, wani lokaci ta daina jin magungunan isoniazid da rifampicin, mutum ya harbi iyalinsa da ita. Tarin fuka ya kashe kusan mutum miliyan 1.25 a 2023.

Nonon ma da kake yabo, in ba a tafasa madarar ba, yana iya ɗauke da tarin shanu, wanda pyrazinamide, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, ba ya kamawa. Wanda zawo ya dame shi saboda ƙwayoyin ya koma wurin likitansa, kada ya daina shan magani.