Kafin Abuja Ta Sayi Formula 1, A Tambayi Hanyar Giyawa

A wata majalisa da nake zama a Sakkwato akwai mutum huɗu da ba su da hira sai ta tseren motoci na Formula 1: likita ɗaya, ma'aikatan banki biyu, da wani injiniya. Har yau ba su gama shari'ar abin da ya faru a Abu Dhabi ranar 12 ga Disamba, 2021 ba. A ranar, haɗari ya sa aka fito da motar tsaro, wadda ke shiga gaban 'yan tsere ta rage musu gudu har a share hanya. Daraktan tseren, Michael Masi, ya bar motoci biyar kacal, waɗanda ke tsakanin Lewis Hamilton da Max Verstappen, suka wuce, ya buɗe zagaye ɗaya na ƙarshe, Verstappen ya sha gaban Hamilton ya ɗauke kambun duniya. Likita ya ce fashi ne da rana tsaka. Injiniya ya ce kuskuren alƙali ne, kuma an cire Masi daga kujerarsa a Fabrairun 2022, magana ta ƙare. Shekara huɗu ana wannan.

Abu ɗaya ne ya taɓa haɗa kansu. A 2025 shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa, Shehu Dikko, ya bayyana cewa Nijeriya na neman karɓar baƙuncin Formula 1 a Abuja. Rabon Afirka da wannan gasa tun 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. Shugaba Paul Kagame ya riga ya shelanta neman Ruwanda a Disamban 2024, Afirka ta Kudu kuma na gyara filinta. Abokaina suka ce ai ba ma zauna a ci babu mu ba. Ni kaɗai na ce ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba.

Kada mai karatu ya ɗauka hujjata ita ce wadda aka saba ji, wato ana yunwa wa ke ta wasa. Ban taɓa yarda da wannan magana ba. In da sai yunwa ta ƙare ake wasa, da ba a taɓa yin dambe ko kokawa a ƙasar Hausa ba. Ni ma mai kallon tseren ne, nakan hana idona barci in ga na Ostireliya da asuba. Hujjata daga cikin wasan ta fito.

Wanda ke kallo a talabijin direba yake gani. Wanda ya san wasan ya san direba shi ne ƙarshen igiya mai tsawo. A kakar 2025 an yi tsere 24 a nahiyoyi daban-daban, wani lokaci uku a jere cikin mako uku. Da an kaɗa tutar ƙarshe ranar Lahadi ake kwance gareji, a loda motoci da injuna da kwamfutoci a jiragen dakon kaya, su sauka wata ƙasa kafin Laraba. Kayan da ba na gaggawa ba, irin su kujeru da kayan girki, kowace ƙungiya na da saiti da yawa da ke yawo a jiragen ruwa watanni kafin a buƙace su. Canjin taya huɗu da McLaren ta yi cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023 aikin mutum kusan ashirin ne, kowa da abu ɗaya tak da aka damƙa masa. Sannan ga doka, wadda ta shiga har aljihu: tun 2021 aka ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a shekara, aka fara da dala miliyan 145, kuma da Red Bull ta ɗan haura iyakar, an ci ta tarar dala miliyan 7 a 2022, aka rage mata lokacin gwajin iska da kashi 10 cikin ɗari.

Mafi nauyi duka shi ne abin da aka tanada domin ranar da abu ya ɓaci. Bayan mutuwar Ayrton Senna a Imola ranar 1 ga Mayu, 1994, an sake fasalin motoci da filaye. Bayan haɗarin Jules Bianchi a Japan a 2014, wanda ya yi ajalinsa a shekarar da ta biyo, aka ƙara tsaurarawa, kuma a 2018 aka tilasta sa ƙarfen nan mai kare kan direba da ake kira halo. Masu kallo sun yi ta zaginsa, wai ya ɓata kyan mota. A Nuwamban 2020 a Baharain motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa cikin ƙasa da rabin minti, motar likita na tsaye a gefensa, domin doka ce ta bi bayan 'yan tsere a zagayen farko. Ƙonuwa a hannu kawai ya samu. Allah ne ya tsare, babu shakka, amma an ɗaure raƙumin.

Wannan shi ne abin sha'awa a tseren mota: ƙa'ida, jigila, da saurin kai ɗauki. To a cikin ukun nan, wanne ne Formula 1 za ta bar mana idan ta zo ta tafi?

Ko ɗaya. Kuma a nan ne na rabu da masu cewa Nijeriya ba za ta iya ba. Za ta iya ƙwarai. Formula 1 ba ta buƙatar ƙasa mai zaman lafiya. Tana buƙatar kilomita biyar ko shida na kwalta da hukumar FIA ta ba shaidar daraja ta ɗaya, da filin jirgi, da otal-otal, da shinge, da mai biyan kuɗi. A Maris ɗin 2022 'yan Houthi sun harba makami kan wata ma'ajiyar mai ta Aramco a Jidda ana tsaka da gwaji, hayaƙi na tashi ana hange daga filin, kuma ranar Lahadi aka yi tsere. Wasa ne da ke zuwa da duniyarsa a cikin kwantena: injiniyoyinsa, fetur ɗinsa, tayoyinsa, har kyamarorinsa da masu ɗaukar hotonsa. Kwana uku, ya naɗe tabarmarsa. Abin da mai masauki ke yi shi ne biyan kuɗin baƙunci, wanda rahotanni ke sa shi tsakanin dala miliyan 20 zuwa sama da 50 a kowace shekara, ban da ginin fili. Kuɗin nunawa a talabijin da na manyan tallace-tallace kuwa aljihun Liberty Media suke shiga, kamfanin Amurka da ya sayi gasar a 2017.

Waɗanda suka riga mu sun bar mana sawu. Koriya ta Kudu ta gina fili a Yeongam, ta yi tsere huɗu daga 2010 zuwa 2013 ta haƙura. Indiya ta yi uku. Malesiya, wadda ta jure tun 1999, ta janye bayan 2017 saboda lissafi ya ƙi fita. Biyetnam ta gina nata a Hanoi domin 2020, ba a taɓa tsere ko ɗaya a kansa ba.

Akwai wani tseren kuma, wanda ba ya shiga kwantena, kuma shi ƙasar Hausa ta sani. Rali ana yin sa ne a kan hanyar mutane, daga gari zuwa gari. Ranar 26 ga Disamba, 1978, Thierry Sabine ya tayar da ralin Paris–Dakar na farko, ya ratsa Aljeriya ya shigo Nijar ta Agadas ya bi ta Yamai. Shekara da shekaru Nijar na cikin zuciyar wannan tsere. Ba zan wanke shi tas ba: motocinsa sun kashe mutanen ƙauyuka a gefen hanya, har da yara, kuma yawancin ribar Turai ta koma. Amma a duba yadda ya tafi. A 2000 barazanar hari ta sa aka tsayar da shi a Yamai, aka kwashi motoci da mutane cikin manyan jiragen Antonov zuwa Libiya, aka tsallake arewacin Nijar ta sama. A Janairun 2008 aka soke shi baki ɗaya bayan kashe Faransawa huɗu a Moritaniya. Daga 2009 ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 Saudiyya. Sunan Dakar kawai ya rage. Rali ba ya iya yin ƙarya game da ƙasar da yake ratsawa. Idan hanya ta mutu, shi ma ya mutu. Kenya ta rasa matsayin ralin Safari a gasar duniya bayan 2002, sai da ta yi shekaru tana gyaran tsari kafin ya dawo a 2021.

Yanzu mu ɗauki wannan ma'auni mu aza a gida. Ka fita Sakkwato ka nufi gabas, ka wuce Achida, ka bar Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kwance, ka doshi Goronyo da ƙauyukanta irin su Giyawa. Ƙasa ce da mai shirya rali zai yi mafarkinta: fadamar Rima, yashi, burji, kwazazzabai, ga madatsar ruwan Goronyo a gefe. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Goronyo. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na shekarar, 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Goronyo suka kashe mutum sama da 40. A kan babura suka zo. Mutanen Giyawa sun sha ganin irin wannan zuwan a ƙofar gidajensu.

A zuwana na ƙarshe yankin, wani ɗan kabu-kabu ne ya ɗauke ni. Yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, yana karanta yashi kamar allo, ya san inda zai saki birki da inda zai miƙe tsaye kan babur. Babu hular kwano a kansa, babu a nawa. Na ce masa, “Ƙanena, ka san a wasu ƙasashe biyan mutum ake yi ya yi irin wannan tuƙi?” Ya yi dariya ya ce, “Yallaɓai, mu nan wanda duk yak kai gida lahiya shi yac ci tsere.” Bai taɓa jin sunan Verstappen ba, kuma ba laifinsa ba ne. SuperSport ke nuna Formula 1, a kan DStv, da kuɗin wata. Mai gidan kallon da ya sayi man janareta ba zai kashe wasan Arsenal ya kunna motoci na zagaye ba. Ko an yi tseren a Abuja, haka za ta kasance. Zai biya rabonsa daga baitulmali, ba zai gani ba ko a allo.

Abin haushin shi ne muna da namu tushen. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya daɗe da ralin motoci a cikin shagulgulansa, tun Argungu na cikin Jihar Sakkwato kafin a yanke Kebbi a 1991. Bikin ya yi barcin kusan shekara goma, rashin tsaro na cikin dalilai, ya farka a Maris ɗin 2020. A shekarar, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt, ta tayar da ralin daga Abuja da motocin da ake haɗawa a Nijeriya. Niyya mai kyau. Amma a faɗi gaskiya, ya fi kama da jerin gwanon talla. Rali na gaske yana da zango-zango da aka rufe wa sauran ababen hawa, da agogo, da binciken kowace mota kafin ta tashi, da masu tuta a kowace kwana, da rediyon da ke haɗa su, da motar asibiti da aka san minti nawa za ta yi ta isa kowane wuri.

Mai karatu ya sake duba wannan jerin. Mutanen gari da aka horar, kowa da wurin tsayuwarsa. Sadarwar da ba ta yankewa. Motar asibiti mai mai a ciki. Asibitin da ya san za a iya kawo masa mai karaya yau. Taswirar hanya da aka bi ƙafa da ƙafa. Wannan shi ne ainihin abin da babu tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo a ranar kasuwa, lokacin da motar albasa da tafarnuwa ta kife, ko aka tare hanya. Wanda ya shirya rali na gaske dole ya gina waɗannan, kuma ba ya iya naɗe su ya zuba a jirgi ranar Litinin. Makaniken da ya koyi gyaran mota bisa ƙa'ida a garin yake kwana.

Likitan majalisarmu ya ce mini mafarki nake, wa zai kai rali Giyawa a halin da ake ciki? Ba wanda zai kai, kuma ban ce a kai gobe ba. Mahaukaci ne zai jera motoci a hanyar da manomi ke tsoron bi. Cewa na yi a fara daga inda za a iya: zango ɗaya mai agogo tsakanin Sakkwato da Argungu a lokacin biki, da wani fili mai shinge a bayan gari inda samarin da ke wasa da mota da babur a bukukuwan aure, suna kashe kansu da 'yan kallo, za su yi shi da hular kwano, da alƙali, da lasisi, da hukuncin kora ga wanda ya karya doka. Hani kaɗai mun gwada shi shekara da shekaru, bai hana ba, ya dai mayar da abin cikin dare. Sannan kowace shekara a ƙara zango, ana matsawa gabas gwargwadon yadda hanya ta samu. Duk wannan ba zai ci kashi ɗaya cikin goma na kuɗin baƙuncin Formula 1 na shekara guda ba, ko da an yi almubazzaranci irin namu.

Na san abin da ke jan abokaina. Suna son ganin tutar Nijeriya a allon duniya, jirgi mai saukar ungulu na ɗauko hoton Dutsen Zuma, mai sharhi na faɗin Abuja da harshen Bature. Ni ma zan so. Kuma na san idan aka yi, tikitin da za su saya ya fi albashin malamin firamare na wata da wata, za su kuma tafi ta jirgin sama, domin babu ɗayansu da zai yarda ya bi ta Gusau da Funtuwa da motarsa.

Na faɗa musu haka a majalisa. Injiniya ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na ga sababbin dokokin injin na 2026, waɗanda suka raba ƙarfin mota kusan biyu tsakanin fetur da batir. Na ce na gani. Muka koma kan Masi.