Daga Allon Malam: In Taswira Ta Ƙi Ajiyuwa

Ɗalibai masu zana taswirar unguwa, kamar Ƙofar Rini ta Sakkwato, da manhajar QGIS, ku saurara. Taswira falle-falle ce: na tituna, na rijiyoyi. Fayil ɗin aiki, mai ƙarewa da .qgz, adireshin fallayen ya riƙe, ba fallayen kansu ba. Saboda haka ku ajiye gyaran kowane falle daban, ku tara kome cikin folda ɗaya.

In aiki ya ƙi ajiyuwa, kada ku rufe! Ku duba ko wurin ajiya ya cika, ko filashi ya zare, sa'an nan ku ajiye da sabon suna a wani wuri. In ɗaukewar wuta ta ɓata fayil, ku nemi ɗan'uwansa mai alamar ~ a ƙarshe, ku sake masa suna ba alamar, ku buɗe. Rigakafi ya fi magani.